Sanyin Allura

Duk wanda ya saba shiga motar Sakkwato zuwa Jega tare da Munira ya san ba a taɓa jar kular da ke kan cinyarta. Wani kwandasta ya taɓa cewa a jefa ta but tare da buhunan albasa, kallo ɗaya ta yi masa ya kama bakinsa. A cikin kular akwai ƙanƙara, a tsakiyar ƙanƙarar kuma allurai ne masu kama da biro, waɗanda suka mayar da ita mutum.

Kafin allurar, ciwon kumburin hanji ya yi shekaru yana cin ta. Gudawa da jini, safe da yamma, har ta ajiye koyarwa a firamare domin ba ta iya kai ƙarshen darasi ba ta ruga bayi ba. An sha jiƙo, an haɗiyi ƙwayoyi, mutanen unguwa kuwa kowa ya zama likita: wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sammu. Daga baya wata likita a Sakkwato ta ɗora ta a kan wannan allura, duk mako biyu, ta ja mata kunne cewa maganin ba irin ƙwaya ba ne, wurinsa firiji. Kafin damina ta fita Munira ta yi kumatu, ta koma aji, tana cin tuwo har da neman ƙari.

Mijinta Habibullahi, dillalin albasa a Aliero, shi ya sa sola saboda firijin, shi kuma ya koyi yin allurar. Munira matsoraciya ce in ana maganar tsini. Takan kwanta ta juya fuska bango, ta runtse ido sai an ce mata an gama. Mahaifiyarta, Inna Gudiya, wadda ta zo jinya daga Mungadi ta zauna, ita ke ɗauko allurar daga firiji. Munira ta sha yi wa malamai 'yan'uwanta alfahari cewa Allah ya yi mata gata biyu.

Bayan ƙaramar salla jinin ya dawo. Ramar ta biyo baya, zannuwanta suka koma yi mata yawa. Da suka je Sakkwato, likitar ta daɗe tana duba sakamakon gwaji.

"Kamar babu maganin a jininki," in ji ta. "Yakan faru, wani jikin yakan daina karɓarsa. Amma ku gaya mini gaskiya, kuna ajiye shi cikin sanyi?"

"Wallahi, likita, bai taɓa kwana a waje da firiji ba," Habibullahi ya amsa da sauri.

"To, madalla. Zafi kashe shi yake yi. In kuna so ya rage sanyi, ku ajiye shi kan tebur na ɗan lokaci, amma ban da rana, ban da ruwan zafi." Ta juyo ga Munira, ta sassauta murya. "Za mu gwada wannan zubin allurar. In bai yi ba, sai tiyata. Za a cire babban hanjin, a sa miki jaka a gefen ciki inda bayan gida zai riƙa taruwa."

Munira ta yi kuka a mota har suka wuce Tambuwal. Habibullahi yana ta ba ta haƙuri, yana cewa kome ya faru yana tare da ita, ita kuwa ta yarda da shi.

Ranar allura da hantsi ta kwanta yadda ta saba, fuska bango, tana jira. Sai cikin ya murɗa. Ta tashi ta fita a guje, hanyar bayi kuwa ta ƙofar kicin take bi. A nan ta gan su. Inna da Habibullahi, mutanen da kunyar surukuta ba ta barin su haɗa ido, sun haɗa kai a kan kwanon sha. Inna na riƙe da kwanon, shi yana tsiyaya ruwa daga filas, tururi na tashi, allurar tana kwance a ciki.

Ciwon bai ba ta damar tsayawa ba ko don ta yi fushi. Sai da ta shiga bayi ta fito, tana dafa bango, sannan ta tsaya a bakin ƙofar.

"Mi kunka yi ma allurata?"

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata," in ji Inna, ba alamar laifi a fuskarta. "Sanyin munka cire mata. Abu ya hito cikin ƙanƙara a tura shi jikin mace? Sanyi ne hwa, Munira, shi ka hana haihuwa. Shekara nawa da aurenki, ko ɓari babu?"

A wajen matan irin su Inna, sanyi cuta ce da ke shiga mace ta lalata mata mahaifa, kuma babu uwar da ba ta jin tsoronsa. Shi ya sa Munira ba ta iya riƙe ta a zuciya ba. Inna ba ta shiga ɗakin likita ba. Munira ta juya ga mijinta.

"Malam, kai hwa? Kana zaune likita tac ce zafi na kashe shi."

"Ɗan ɗumi ne kawai," ya ce, alhali tururin bai daina tashi ba.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun bayan salla ƙarama."

"Ka rantse ma likita, a gabana."

"Ban yi ƙarya ba. Nic ce bai taɓa kwana waje ba."

Wannan ta fi komai yi mata zafi. Ashe tun kafin a tambaye shi ya auna kalmomin da zai rantse da su. Shi ne ya ga jinin a zanenta, shi ya riƙa kama ta zuwa bayi lokacin da ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta, kuma duk ranar allura ya koma ya buɗe filas. Munira ta ji an ci amanarta, ta kuma ji kunyar duk alfaharin da ta yi da shi.

"Ni ma mutum ne, Munira," ya ce a hankali. "Ƙannena dut sun aje ɗiya. Inna tac ce in an cire sanyin..."

"A'a, kada ka ɗora min," Inna ta katse shi. "Kai kaz zo min da maganar, ni ko nig ga kana da gaskiya."

Munira ta jingina da ƙofa domin jiri na ɗibar ta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin yin haka.

"Malam, tambaya guda. In sun yanke hanjin, sun rataya min jakar, kai za ka riƙa zubarwa?"

"Ni zan zubar, ɗiyata," Inna ta yi caraf ta ce. "Ni da nih haihe ki."

Munira ba ta dube ta ba, mijinta take jira. Habibullahi ya rufe filas ɗin, ya ci gaba da murɗa murfin ko da yake ya riga ya ɗauru. Can wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba.

"Mutanen Aliero ne," ya ce. "Bari in amsa."

Ya raɓa ta gefenta, ya nufi zaure da sauri.