Hoton Illo a Jeren Iyatu

Duk unguwarmu babu matar da ta kai Iyatu ji da ɗakinta. Tasoshin tagulla ta gada daga kakarta ta Dundaye, ta jera su a jikin bango, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ga akusa da suka yi baƙi ƙirin don tsufa, ga ƙorai masu zane a ragaya. Kowace Alhamis sai ta jiƙa tsamiya, ta tankaɗe toka, ta zauna tana dirzar tasoshin nan har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Ni Rahmatu, da katanga ɗaya ta raba mu, na sha gaya mata wata rana sai ta huda su. Ko kai ba ta ɗagawa.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Illo. Shekara goma sha uku da zuwan Nasara Sakkwato ya kama aikin sayo wa wani kamfaninsu fatun awaki, yau yana Kano, gobe Zariya. Wata dawowa da ya yi ina ɗakin, ya zaro wata takarda mai kauri daga aljihu, ya jingina ta da babbar tasa, tsakiyar jeren. Shi ne a jikin takardar a zaune, hannuwa bisa gwiwa, har ɗan tabon kumatunsa ya fito.

"Wanga abu mi na na?" in ji Iyatu.

"Hoto na, Inna. Wani Bayarabe yaɗ ɗauke ni Kano. In na yi nisa ki riƙa ganina."

"Ɗauke min shi. Mala'iku ba su shiga ɗaki mai sura. Kuma ka rasa inda za ka aza kayan Nasara sai bisa tasak kakata?"

Tsakani da Allah abin ya yi kyau a wurin, hasken tagullar ya kewaye shi. Na faɗa, ta harare ni. Illo ya yi dariya, amma na ga abin ya sosa masa rai. Da ya tafi ba ta ƙona hoton ba. Ta naɗe shi a tsumma, ta sa a wani tsohon akushi, ta rufe da faifai, ta tura lungun da bango ke tsattsafar ruwa. Damina biyu ya yi a can.

Sai annobar murar nan ta zo, wadda ta biyo bayan yaƙin Jamus. Mode, abokin tafiyar Illo, shi ya kawo rigarsa da takalmansa. Kwana uku Illo ya kwanta a Zariya, can aka rufe shi. Iyatu ba ta ga gawa ba, ba ta san kabari ba.

Bayan sadakar arba'in ta leƙo ta katanga, idonta duk ya faɗa.

"Rahmatu, huska tai na ɓace min. In na rumtse ido riga kawai nika gani."

Na zagaya. Ta riga ta jawo akushin, ta kwance tsumman. Hoton yana nan, sai dai fumfuna ta feso masa, ɗigo-ɗigo daga hula har haɓa. Ta gyara tsakiyar jeren, daidai inda Illo ya fara ajiye shi, ta ce bari ta share shi tukuna, ba za ta aza shi da dauɗa ba. Ranar Alhamis ce, ƙwaryar tsamiya da toka na gefenta.

Na ga ƙwaryar da idona, na tafi duba tukunyata. Wannan tafiyar har gobe tana cina. To amma wa ya taɓa gaya mana? Mu dai mun san abin da ya dushe, tsamiya da toka ke fito da shi.

Salatinta na jiyo. Na tarar da ita zaune, hoton a cinya, jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Shafa biyu ta yi. Rigar tana nan, hannuwan na bisa gwiwa, amma daga wuya zuwa hula sai farar takarda. Ta juya tsumman, wani ɗan baƙi-baƙi ne kawai a jiki.

Ba ta wanke tsumman ba. Ta ninke shi ta sa cikin babbar tasa, ta jingina hoton a gaba, a haka. Daga ranar ba ta sake jiƙa tsamiya ba, tasoshin suka dushe har suka yi kore.

Kusan kullum na shiga sai ta nuna farin wurin da yatsa.

"Tabon nan nai, dama ya ke ko hagu?"

Nakan ce dama. Wallahi ni ma na manta.