Adireshin Ɗakin Inna

Tun da ɓarin jikin Inna na dama ya shanye, ta kyamara nake ganinta. Ni na kafa mata ita a saman kabad, na jona da wata 'yar kwamfuta mara allo mai kamar akwati, sannan na koma garin da nake aiki, tafiyar kwana biyu. Gwaggo, ƙanwarta, ita ke jinya.

Sai likita ya kawo injin auna bugun zuciya, wanda shi ma sai an jona shi da kwamfutar. Injin ya zo da nasa adireshin, wato lambar da na'urori ke gane juna da ita, ba ya magana sai da mai adireshi irin nasa. Kwamfutar kuwa ramin waya ɗaya gare ta. Ai ba wani abu ba ne, rami ɗaya yana ɗaukar adireshi biyu: tsohon da nake shiga kwamfutar da shi daga nesa ya tsaya mini, sabon ya kula da injin. Aikina ke nan shekara tara, har wasu nake koya wa.

Daga kujerar ofis na shiga, shayi a hannun hagu. Maimakon in ƙara layi a ƙasa, sai na rubuta sabon adireshin a kan tsohon. Don tsabar iyawa har na adana shi, yadda ko wuta ta ɗauke ba zai goge ba. Ina danna maɓalli, hoton Inna ya tsaya cak, ya ɓace. Na kulle ƙofa da hannuna, ina waje.

Na kira Gwaggo.

"Gwaggo, don Allah ki zare wayar akwatin nan, ki mayar."

"Na zare, na mayar. Koriyar wutar na ta ƙiftawa."

Ƙiftawa dai za ta yi, kwamfutar lafiyarta lau, ni ne ba ta sani ba kuma. Gyaran na minti biyu ne in mutum na gabanta da allo. Gwaggo ko lambar waya sai an danna mata, ni kuma ba a ba ni hutu sai ƙarshen wata. Haushin kaina ya ishe ni, na rasa wanda zan ɗora wa.

"Tsaya," in ji Gwaggo. Muryarta ta canza. "Yaya, sake yi. Kai, duba, hannun daman ne ta ɗaga. Saitin kyamarar take ɗaga maka. Ka gani?"

Na zuba wa baƙin allon ido.

"Tana tambaya ko ka gani."

"Na gani, Gwaggo," na ce. "Ki ce mata na gani."