Kamun Dogari

Tun da gwiwa ta hana Alhaji Nu'uman zuwa kasuwar shanu ta Mai'aduwa, sai ya koma zaman zaure a gidansa na Daura da waya a hannu. Ɗiyarsa Fadila ce ta saka masa wasan ces, wani irin dara na Turawa, a ciki kafin ta koma Katsina gidan mijinta. Kullum bayan ya karya, wayar za ta jera masa 'ya'yan wasa ta ce ya nemo hanyar kama sarki. In ya samo ta yi masa ɗan kiɗa. Shi kuwa kiɗan bai dame shi ba. Abin da ke masa daɗi shi ne bayan an gama, ya taɓa wani wuri, injin da ke ciki ya buɗe masa fili ya yi ta gwaji: da na bi ta nan fa? Da doki na fara turawa fa? Akwai wani siririn sanda a gefen allon, rabi fari rabi baƙi, yana hawa yana sauka, yana nuna wanda ke sama. Nu'uman ya raɗa wa injin suna Aljanin Fadila.

Ces ba baƙo ba ne a wurinsa. Yana saurayi a Kongolam, lokacin da yake rakiyar shanu daga Nijar, wani direban babbar mota mai suna Mahdi ya koya musu, shi da abokinsa Harisu mai gyaran rediyo. Mahdi bai san sunayen 'ya'yan da Hausa ba, don haka suka raɗa nasu. Sarki dai sarki ne, doki doki ne. Ta kusa da sarki suka kira ta Magajiya, tunda a Daura ba a rasa sunan mace mai mulki. Masu tafiyar karkace raƙuma, na lungu soraye, ƙananan da ke gaba kuwa dogarai. Mahdi ya bar musu allonsa ya tafi, ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Su kuma suka ci gaba a ƙofar shagon Harisu, daga la'asar har kiran magariba, rediyoyin mutane na ta ƙara a bayansu. Harisu Babarbare ne, Nu'uman Bafillace, saboda haka kowane wasa rabinsa tsiya ce.

A can ne aka yi abin da ya ba Nu'uman suna. Wata ranar kasuwa, gaban jama'a, Harisu ya cinye masa Magajiya yana ta dariya. Sarkin Harisu ya fito yawo tsakiyar fili. Nu'uman ya ɗauki wani dogari da bai taɓa motsawa daga gidansa ba, ya tsallaka da shi gida biyu, ya ce, “Sarki!” Aka duba gabas aka duba yamma, babu wurin gudu. Ƙaramin dogari ya kama sarki. Daga ranar ake kiransa Nu'uman Dogari, har dillalan Nijar da ba su san dalili ba. Ya jera wa baƙi wannan wasan har ya haddace inda kowane ɗa yake, kamar yadda ya san shanunsa da kamanninsu.

Wata safiya, bayan ya warware wasan ranar, sha'awa ta kama shi ya nuna wa Aljanin Fadila aikin manya. Ya jera 'ya'yan yadda suke a ƙofar shagon. Ya tsallaka da dogarinsa, ya gyara zama yana jiran kiɗa.

Kiɗa bai zo ba. Wani dogarin Harisu, wanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da nasa, ya zame a karkace ya sauka a gidan da nasa ya tsallake, nasa kuwa ya ɓace daga allon. Sandan gefe ya cika da baƙi.

“Kai, ɓarawo!” in ji Nu'uman. Ya sake jerawa, aka sake yi masa haka. Ya kashe wayar ya kunna, bai canza komai ba. Ya kira Fadila ya ce abin nan nata ya lalace, yana cin ɗa a inda babu ɗa. Ta ce ya ba ta lokaci ta duba. Da ta sake kira tana danne dariya.

“Baba, doka ce. In dogari ya tsallake gida biyu ya sauka a gefen na abokin wasa, ana iya cinye shi kamar gida ɗaya ya taka. Amma a take, in an bari ya wuce.”

“Yaushe aka kafa ta?”

“Tun kafin a haifi kakanka.”

Ya ajiye wayar. Wato Mahdi bai gaya musu ba, ko shi ma bai sani ba. Waɗanda suka shaida wasan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura Harisu, yana Mashi wurin ɗiyarsa Murjanatu tun da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da shi. In Nu'uman ya yi shiru, da sunansa za a binne shi. Ya kwana biyu yana gaya wa kansa cewa a dokar Kongolam kamun ya halatta. Amma duk sanda wani ya leƙo zauren ya ce, “Dogari, barka da hutawa,” sai ya ji kamar ya sayar da saniya bai faɗi aibinta ba.

Kafin ya tafi dai bai yi sakaci ba, don bai manta dillanci ba. Ya zauna da injin ya bi kowace hanya bayan wannan cin, ya haddace amsar da ta fi rage masa asara. Sannan ya naɗe tsohon allon Mahdi a cikin rawani ya hau mota.

Ya tarar da Harisu a jingine a gindin darbejiya, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, amma idon nan yana nan.

“Wa nake gani? Murja, ɓoye nono, bawana ya zo.”

“Bawan wa? Ka tashi ka gaida ubangidanka.”

Suka gaisa, suka lissafa waɗanda suka mutu. Nu'uman ya warware rawanin ya fara jera 'ya'ya a kan tabarma. Harisu ya kalla ya ja tsaki.

“Tun daga Daura ka zo ka nuna mini wannan? Ko a gadon ciwo ba za ka bar ni ba?”

“Yi shiru ka gani.”

Ya tsallaka da dogarin. Sannan ya nuna na Harisu, ya nuna gidan da aka tsallake, ya faɗi dokar yadda Fadila ta faɗa, idonsa a ƙasa. Harisu ya sa aka maimaita masa. Ya ce a nuna masa a waya, aka nuna. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye, Murjanatu ta fito da gudu tana zaton wani abu ne.

“Murja, kin ji? Sarkina bai taɓa mutuwa ba! Shekara da shekaru ina zaman makokin mai rai. Kai Fulani, kai Fulani!”

“Ni na zo da kaina na faɗa.”

“Ka faɗa, Allah ya ba ka lada. Sunan kuma ka ajiye shi nan kan tabarma sai an tashi wasa.”

Ya miƙa hannun hagu, wanda ke aiki, ya zame dogarinsa a karkace, ya tsince na Nu'uman ya sa a aljihu. Nu'uman ya mayar da amsar da ya haddace, da sauri fiye da kima. Harisu ya ɗaga ido.

“Wannan ba naka ba ne. Ka tambayi aljaninka. Murja, karɓe wayar nan ki kai ɗaki.”

Ta karɓa tana ba da haƙuri. Harisu ya daɗe yana duban allon, sannan ya ja dokinsa can gefe, inda injin bai taɓa kai shi ba ko sau ɗaya, irin wasan banzan da ya saba yi tun suna samari. Duk abin da Nu'uman ya haddace ya tashi a banza. Ya cire hula ya ajiye, ya matso kusa da allon.

“Baba Nu'uman,” in ji Murjanatu daga ƙofa, “motar Daura ta ƙarshe bayan la'asar take tashi.”

“Ta tashi,” in ji shi, bai ɗago ba. “Shimfiɗa mini a zaure.”