Bayan "An Gama"

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Kar-ka-motsa ake ce masa, don tun yana saurayi sana'arsa ɗaya ce, hoton fasfo. Ka zauna a kujerar ƙarfe, farin ƙyalle a bayanka, ya ɗaga maka haɓa da yatsa biyu, ya duba ko kunnuwanka sun fito, sannan ya daka maka tsawa: "Kar ka motsa!" Ko kai wane ne, dole ka haɗiye dariyarka.

To, zamani ya zo da waya, kowa ya zama mai hoton kansa, kujerar ƙarfe ta fara tsatsa. Autarsa ce ta riƙe shagon da hoton biki, ita da kyamararta da kwamfutarta. Baba ya ce shi ma sai ya koya. Abin da yake tsoro a duniya shi ne a ajiye shi gadin shago yana korar ƙuda, alhali idonsa garau yake.

Auta ta zaunar da shi, ta rataya masa kyamarar a wuya.

"Baba, wannan fa ba fim ba ne. Kati ne a ciki, ba ya cika da wuri. Danna son ranka."

Ya gyaɗa kai, amma yatsan da ya saba tattalin fim bai ji wannan karatun ba. A bikin farko da ya bi ta, ita tana ta zirga-zirga tana ɗauka kamar ruwan sama, shi kuwa ya jera dangin ango a jikin bango, dogo a baya, gajere a gaba, ya danna sau ɗaya tak. Da suka buɗe hoton a kwamfuta, Auta ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, waɗannan biki suka zo ko 'yan sanda ne ke nemansu?"

"Kunnen kowa ya fito," in ji shi, fuska a murtuke.

Ta share hawayen dariya, ta sassauta murya. "Ko dai a biki na gaba ka riƙe mini fitila kawai?"

Maganar ta soke shi sosai, don ya san daga riƙon fitila sai gadin shago.

Biki na gaba a wani babban zaure aka yi shi, kujeru sanye da fararen riguna, lasifika tana neman fasa kunne. Baba na tsaye da sandar fitila, kyamara ta biyu tana lilo a wuyansa don kar a ce ba ya aiki. Auta ta tafi ɗauko batiri a mota. Sai ga uwar ango ta taso da gayyarta, har da ango da amarya.

"Mai hoto, zo ka ɗauke mu da kaka kafin ta gaji ta tafi."

Ya waiga, babu Auta babu alamarta. Ya jingine fitilar, ya yi abin da ya iya. Ya zaunar da kaka a tsakiya, ya gyara wa ango kafaɗa, ya matsar da wani mai tumbi gefe.

"Kar ku motsa!"

Tsit. Har amarya ta ƙame, ido a waje. Ya danna.

"An gama."

Nan take jeren ya watse. Ango ya sauke numfashi, amarya ta faɗa kafaɗar ƙanwarta tana ƙyalƙyala dariya, kaka ta nuna Baba da sanda tana cewa, "Wannan soja kuka ɗauko mana?" Baba ya san wannan lokacin sarai. Rayuwarsa kaf yana ganinsa: mutum ya tashi daga kujerar ƙarfe, fuskarsa ta gaskiya ta dawo, shi kuwa ya riga ya sauke kyamara don kar fim ya tafi a banza. Sai maganar Auta ta faɗo masa a rai: danna son ranka. Ya ɗaga kyamarar, ya danna, ya sake dannawa, ya ƙi ɗaga yatsa.

Washegari Auta na tace hotuna, tana wuce marasa kyau da sauri, sai hannunta ya tsaya cak. Ga kaka da sanda a sama, bakinta wangame ba haƙori ko ɗaya, ga amarya ta manta da kwalliyarta, ga mai tumbi yana tafa hannu.

"Baba, wa ya ɗauki wannan?"

"Mai riƙon fitila."

Ta rufe fuska don kunya, tana dariya. Da ango da amarya suka zo zaɓen wanda za a sa a babban firam, ko gardama ba su yi ba, shi suka nuna. Bayan sun fita Auta ta ce, "Daga yau hoton dangi naka ne. Amma don Allah kar ka daina tsawar nan."

Daɗi ya cika Baba har ya rasa inda zai sa kansa. Da yamma ya shiga gida da kyamarar a wuya. A bangon falo hotunan matarsa ne jere, tun na amarci, duk shi ya ɗauka, kuma babu ko ɗaya da take murmushi. Matar da dariyarta ke tashin maƙwabta! Ya same ta tana ninke kaya.

"Zauna nan."

"Yau kuma fasfon ina za a yi mini?"

"Kar ki motsa!"

Ta ƙame kamar yadda ta saba, haɓa a sama, kunnuwa a waje. Ya danna.

"An gama," ya ce, amma bai sauke kyamarar daga idonsa ba.