Motar Tessa ba ta da kujerar baya

Shekara ashirin da shida Denny Kolar ya yi yana gyaran injin ɗumama gida a garin Toledo, kuma aikin ya koya masa cewa duk abin da ke ci da wuta, in ba a sa masa ido ba, wata rana mai shi zai ci. Shi ya sa ranar da 'yarsa Tessa ta shigo layinsu da sabuwar mota ja, guntuwa, mai fiffike a baya, tana gurnani har karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin baranda, bai yi mata murna ba. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ta gilashin baya. Babu kujera, sai wani ƙarfe a gicciye.

"Ina kujerar bayan?"

"Ba ta zuwa da ita, Baba. Don a rage mata nauyi ne."

"Nawa?"

Ta faɗa masa. Dala dubu hamsin da biyu.

"Wato ƙara musu kuɗi kika yi don su cire kujera."

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma a teburin abincin Lahadi ya ɗora daga inda ya ajiye. Ya ce kuɗin nan rabin gida ne a unguwarsu. Ya ce ita da ke aiki a ɗakin tiyata ta fi kowa sanin abin da titi ke kawowa asibiti. Daga ƙarshe ya ce shi dai kada a buga masa waya ya zo ya shaida gawa. Tessa ta ajiye cokali, ta sumbaci mahaifiyarta a goshi, ta fita. Lahadi biyar ke nan kujerarta babu kowa.

Matarsa Lorna ce ta kawo masa saƙo, tana goge tukunya, ba ta ko dube shi ba.

"Ranar Asabar suna da taro a filin tseren motoci. Ta biya maka kuɗin shiga, ta ce ka je da motarka ka gani da idonka. Kuma wallahi, Denny, in ka je ka ɓata mata rana, ni gidanta zan riƙa cin abincin Lahadi. Kai ka zauna da kyanwa."

Ran Asabar ya fita ko kumallo bai karya ba. Ya yi tafiyar awa ɗaya da rabi tsakanin gonakin masara, yana kunna rediyo yana kashewa, har ya isa wani fili da kwalta ta yi ta lanƙwasa a cikinsa kamar an yar da igiya. Motarsa fara ce, ko kuma a da fara ce, shekararta goma sha takwas. A cikinta ya koya wa Tessa tuƙi a harabar coci, ƙafarsa na taka birkin da babu shi a gefen fasinja.

Tessa ta tare shi a bakin ƙofa. Ba ta rungume shi ba, amma ta miƙa masa kofi da hular kwano.

"Ka zo."

"Na zo."

"To ka kwashe komai daga motar. Doka ce. Duk abin da ba a ɗaure ba, waje."

Sai ga kayan Denny a kan tamfol, a bainar jama'a: bargo biyu, wayar jona batir, fitilar hannu uku, buhun yashin zubawa a kan ƙanƙara tun na hunturun bara, shebur, akwatin magani, igiya, wani guntun katako da shi kansa ya manta amfaninsa. Masu wucewa suna ta kallo. Ita kuwa Tessa, kwalbar ruwa ɗaya ta ciro daga tata, ta gama.

"Maigida, ƙaura za ka yi?"

Wani dattijo ne dogo, da furfura a gemu, ya tsaya a kansa yana dariya. Sunansa Wendell, shi ne malamin da zai zauna a gefensa, don ba a barin sabon shiga ya hau filin shi kaɗai. Ya ce shekara talatin ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a gudun mil ashirin da biyar a awa. "Yanzu ramuwa nake yi."

"Akwai wanda ya taɓa mutuwa a nan?" in ji Denny.

"Akwai wanda ya ci naman da ake gasawa a rumfar can. Shi ma ya farfaɗo."

Denny bai yi dariya ba. Wendell ya daina wasa, ya yi masa bayani. Nan ba gasa ake yi ba, babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Ba a wuce mota a kwana. A miƙaƙƙiyar hanyar nan kaɗai ake wucewa, kuma sai na gaba ya fitar da hannunsa ta taga ya nuna.

"In ba ka nuna ba, ko jirgin sama ne a bayanka, dole ya jira. Shi ya sa muke komawa gida lafiya. Kana ganin wanda ya fi ka sauri a madubi, ka ɗaga ƙafa, ka nuna masa. Ba abin kunya ba ne."

"'Yata fa? Ita ma da malami?"

"Tessa? Haba. Shekara biyu tana zuwa nan da tsohuwar motar wata ƙawarta. Yau dai za ta fara da ku, don duk wanda ya kawo sabuwar mota da sababbi yake zagayen farko."

Shekara biyu. Denny ya dubi 'yarsa can nesa, ta durƙusa tana auna iskar taya. Ko sau ɗaya ba ta faɗa masa ba. Ya san kuma dalili, shi ne abin da ya fi ci masa rai.

Suka hau. Hular ta matse masa kunne, numfashinsa na dawo masa da warin kofi. Zagayen farko a hankali aka yi, Wendell na nuna masa inda zai taka birki da inda zai karya sitiyari. A na biyu wata baƙar mota ta matso, Denny ya fitar da hannu, ta wuce. Ba wuya.

"Ka gani? Kamar a nan aka haife ka."

Suna fita daga kwanar ƙarshe ya duba madubi, ya ga ja.

Ta cika madubin. Yana ganin fitilunta, yana ganin farar hular Tessa. Hanya ta miƙe a gabansu. Hannunsa na hagu ya saki sitiyari, ya kai bakin taga, sai ya tsaya. Wani tunani ne ya faɗo masa, ya zauna daram. Muddin bai nuna ba, ba za ta wuce ba. Motar dala dubu hamsin da biyu, da fiffikenta da gurnaninta, dole ta bi bayan tsohuwar motarsa a saurin da shi ya ga dama. Rabon da ya samu irin wannan iko tun tana 'yar shekara goma sha shida.

Ya mayar da hannu kan sitiyari.

"Nuna mata," in ji Wendell.

"Na gan ta."

"Ganinta ba shi ne nunawa ba."

Hanya ta ƙare, kwana ta zo. Suka sake zagayowa. Yanzu ba ja kaɗai ba ne a madubi, motoci sun jeru a bayan Tessa kamar masu rakiyar gawa. Wani mutum a gefen hanya ya kaɗa masa shuɗiyar tuta, alamar ya ba da hanya. Kunya ta kama Denny, sai ya yi abin da kunya ke sa mutum: maimakon ya ɗaga ƙafa, ya danna totur har ƙasa, don kada a ce shi ya tare hanya. Mil saba'in. Tamanin. Motar na rawa, ƙofofi na kaɗawa. Tun da yake bai taɓa kai wannan gudun ba. Ja kuwa tana nan manne a madubi, ko gajiya ba ta yi ba.

"Maigida, yarinyar nan ba ƙwai ba ce da za ka zauna a kanta. Fitar da hannu."

"Ɗaya kawai. Zagaye ɗaya."

"Kana jin warin nan? Birkinka ne."

Ya ji. Warin abu mai ƙonewa, wanda da a gidan wani ya ji shi, da tuni ya kashe inji ya fitar da mutane waje. Amma hanya ta sake miƙewa, ya sake dannawa, idonsa rabi a gaba rabi a madubi. Da kwana ta taso ya taka birki, ƙafarsa ta tafi ƙasa kamar ya taka tsumma.

"Sake takawa! Sake! Kada ka karya sitiyari!"

Ya karya. Tayoyi biyu suka hau ciyawa, bayan motar ya zagayo, gonar masara ta wuce ta gabansa, rumfar masu nama ta wuce, sama ta wuce. Motar ta tsaya a gicciye a tsakiyar kwalta, injin ya mutu, ƙofarsa na fuskantar inda suka fito.

Ta taga a buɗe ya ga jar motar ta nufo shi.

Babu abin da zai iya yi, sai kallo. Hancinta ya sunkuya kamar raƙumi zai durƙusa. Ba ta yi ƙara ba, ba ta kauce ba, ba ta yi ko ɗan layi ba. Ta dai yi ta raguwa da gudu, cikin ɗan tazarar da tasa motar ko a mafarki ba za ta tsaya ba, har ta tsaya cak. Tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Yana jin zafin injinta a fuskarsa. Ta cikin gilashi ya ga idanun Tessa a ramin hula, a buɗe, ba sa ƙiftawa. Idanun da take yi tana ƙarama in ta farka daga mugun mafarki.

Na bayanta duk suka tsaya, ana ta kaɗa tuta mai ruwan ɗorawa, alamar haɗari.

"Kowa na da rai?" in ji Wendell. "To tayar da ita. A hankali, a giya ta biyu, mu lallaɓa mu fita."

Sai a karo na uku injin ya kama. Denny ya gyara mota, ya bi gefen hanya kamar mai ɗauke da ƙwai a tire. Ja ta biyo shi, a hankali, kwana bayan kwana, ba ta matsa masa ba. Da suka iso miƙaƙƙiyar hanya aka sauke tuta, ya fitar da hannunsa ta taga har kafaɗa. Ya nuna mata hanya.

Ta ɗan jinkirta, kamar ba ta yarda ba. Sannan ta fita. Ƙarar ta daki ƙirjinsa, kafin ya ƙifta ido ta zama ɗigo a ƙarshen hanya, ta shige kwanar da ta kayar da shi kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Bai mayar da hannun ba har motoci shida suka wuce.

Ko da ya iso wurin ajiye motoci an tashi zagayen, ta riga shi. Tana tsaye a bakin tamfol ɗinsa, hula a hannu, gashinta ya jiƙe. Ya tsaya, ya kai hannu zai ja birkin hannu kamar yadda ya saba.

"Kada ka ja!" ta daka masa tsawa. "Da zafinsa zai manne. Bar ta a giya."

Ta duba cikin tarkacensa, ta ɗauko guntun katakon nan, ta cusa a ƙarƙashin taya. Hayaƙi na fita daga ƙafafun motar na gaba. Wendell ya fito, ya ce shi zai je ya gwada naman nan, tunda yau da alama ba ranar mutuwarsa ba ce.

Denny ya cire hula. Ya zauna a kan buhun yashi.

"Zagaye uku, Baba."

"Na sani."

"Da gangan ka yi."

"Da gangan."

"Kai da ka ce kada a kira ka ka shaida gawata." Ta juya tana kallon gona. "Da me zan je in gaya wa Mama?"

Ya dubi motarta, tana ta ƙas-ƙas tana hucewa. Ta cikin ƙafar gaba ya hango faifan birkin, faɗinsa ya kai tiren shayi. Ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake yi wa inji in ya ga aikin wanda ya san hannunsa.

"Wannan a cikin kuɗin yake?"

"A ciki yake."

"Uhm." Ya shafa fuska. "Duk da haka ta yi tsada."

"Ta yi."

"Kuma ba kujera."

"Baba."

"Na yi shiru."

Ta zauna a gefen tamfol, ta buɗe kwalbar ruwanta, ta sha, ta miƙa masa. Can an fara kiran rukuni na gaba a lasifika, injuna na tashi ɗaya bayan ɗaya. Ya san da ita a ciki. Ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro, kada ki yi kaza, ki kula da kaza, ya haɗiye ta da ruwan.

"Man birkinka ya dahu," ta ce tana miƙewa. "Ya huce tukuna, kuma a hankali za ka koma gida, ta ƙananan hanyoyi. Gobe zan zo in canza maka."

"Gobe Lahadi."

"Na san ranar." Ta sa hula, tana ɗaure igiyar a haɓa. "Ka ce wa Mama ta yi naman nan mai albasa."

Ta shiga mota. Denny ya tashi ya je bakin waya, ya saƙala yatsunsa a ciki. Ya ce a ransa ba zai kalla ba. Duk zagayen da ta yi sai da ya ƙirga.