Bajojin Malam Othniel

Malam Othniel ya kwashe kayan durowa duka ya zube a kan gado, sannan ya kira matarsa.

"Maman Jemimah, ina kwat ɗina mai ruwan toka?"

Tabitha tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba. "Wadda asu ya cinye? Na kai ta godiyar kaka ranar Lahadi. Oby mai gwanjo ta saye tsofaffin kayan gaba ɗaya a gwanjon coci."

"Kin duba cikinta?"

"Me zan duba? Ƙarafan nan naka? Sun gama sukar yatsuna a wajen wanki."

Ƙarafan da take nufi su ne bajojinsa. Lokacin da yake koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Samaru, shi ke kai ɗalibai yawon buɗe ido, kuma duk inda ya je sai ya sayo ƙaramin bajo na wurin. Akwai na Yankari mai giwa, na Kainji, na Gashaka-Gumti, na Dutsen Olumo, na Gidan Makama. Akwai na Kamuku, wanda hanyarsa yanzu, saboda 'yan bindiga, ba mai hankalin da zai bi don ya kalli dabbobi. A cikin kwat yake maƙala su, jikin shafi, don kada rana ta kashe musu launi. Dokarsa ɗaya ce: ba ya ajiye bajon wurin da ƙafarsa ba ta taka ba. A wajen biki ko jana'iza yakan buɗe kwat ɗin ya nuna wa na kusa da shi. Na kusa da shi yakan tuna cewa ana nemansa a waje.

Ya shiga bas ɗin Sabon Gari ba tare da ya karya kumallo ba. Daga Palladan har Kwangila mutum ɗaya ne a ransa: Felix, mai shagon magani daura da rumfar Oby. Shi ma yana tara bajoji, idan har za a kira abin da yake yi tarawa. Tsofaffin riguna da huluna na Turawa kan zo a cikin dilar gwanjo da bajojin masu su a jiki, Oby ta ciccire ta zuba a gwangwanin madara, Felix ya tsallaka layi ya zaɓa. Hularsa cike take da bajojin gandun dajin Amurka da Kanada, shi kuwa iyakar tafiyarsa Abuja. Malam Othniel ya riga ya hango a zuci na Kamuku a kan wannan hular, a benci na gaba a coci ranar Lahadi.

Ya tarar da Oby tana rataye riguna, ba ta ma gama share gaban rumfa ba.

"Baba Tica! Da sassafe haka? Mama lafiya?"

"Lafiyarta ta yi yawa. Kwat mai ruwan toka, a kayan coci."

"Ayya, wani mai keke napep ya saye tun jiya. Ya ce za ta yi masa maganin sanyin asuba."

"Abin da ke cikinta fa?"

Oby ta yi dariya, ta jawo gwangwani daga ƙarƙashin tebur ta juye a kan faranti. Ya tsugunna, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ture masu ƙyalli gefe da bayan yatsa, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Giwar Yankari ta fito. Kainji ya fito. Na Kamuku yana can ƙasa, ya maƙale da wani maɓalli. Ya jera su a kan hankici, ya bi su da ido daga farko zuwa ƙarshe. Babu wanda ya ɓata.

"Felix bai zo ba ke nan," in ji shi.

"Ya zo mana. Jiya ya yini a kansu."

Felix ɗin kuwa ya riga ya tsallako, hularsa tana ƙyalli, yana tauna aswaki.

"Malam, ashe naka ne? Da na sani ai da na aika maka. Na ce wa Oby ta zubar, suna sa wa masu kyau tsatsa." Ya ɗauki na Gashaka ya juya shi. "Dubi fenti. Biri ne wannan ko kare?"

"Wanda ya hau dutsen Gashaka ya san ko mene ne."

"To ai shi ke nan. Ni dai ba na sa kayan gida a hulata."

"Ka sa na inda ba a san da haihuwarka ba."

"Amma ana tsayar da ni a hanya a tambaya," in ji Felix, ya ajiye bajon, ya goge yatsunsa a wando, ya koma shagonsa.

Malam Othniel ya ƙulle hankicin, ya sa hannu a aljihu. Oby ta ɗaga tafin hannu.

"A'a, Baba Tica. In sayar maka da kayanka, cocinmu ɗaya? Kafin azahar an ji a Dogarawa."

"To na gode." Ya miƙe.

"Tsaya mana. Kai ne na farko yau, ban buɗe kasuwa ba. In ka fita da kaya kyauta, haka zan yini ina korar ƙuda. Sayi ɗaya a cikin masu kyau, in ba ka waɗannan gyara."

"Gyara?"

"Gyara. Har da leda."

Ya ce ta sayar masa da safa. Ta ce dilar safa ba ta iso ba, kuma ba za ta ɗora wa tsoho mai fansho kuɗin riga ba. Makwabtan rumfa sun fara leƙowa. Ya miƙa hannu cikin farantin ba tare da ya duba ba, ya ɗauki wanda yatsunsa suka fara taɓawa, ya biya. Oby ta shafa kuɗin a goshinta, ta yi masa addu'a.

A bas ɗin komawa Samaru ya sami kujerar taga. Ya kwance hankicin a kan cinyarsa don ya tabbatar allurar na Kamuku ba ta lanƙwashe ba. Sabon yana cikinsu, ya fi su girma da nauyi, da hoton wata dabba mai kama da ɓauna, an rubuta Yellowstone a ƙasa. Ya yanke shawarar zai jefa shi ta taga idan sun wuce Kwangila.

Mutumin da ke gefensa, mai taye da jakar takardu irin ta malaman jami'a, ya gyara tabarau ya sunkuyo. Idonsa ya tsallake giwa, ya tsallake biri, ya tsallake Gidan Makama.

"Gafara dai, Baba. Yellowstone? Kai, ka ga duniya! Yaushe ka je?"

Matar da ke gabansu ta juyo. Kwandasta ma ya leƙo. Tunda Malam Othniel ya fara tara bajoji, ba a taɓa yi masa tambaya a kansu ba sai yau.

Bas ɗin ya wuce Kwangila. Ya ɗauki bajon, ya goge shi da gefen hankici, ya ɗaga shi yadda na baya za su gani.

"An kwana biyu," in ji shi.