Kukan La'asar a Maamobi

Ranar Talata, shida ga watan azumi, Alhaji Jibirilu, mai gidan da Mashud ke haya, ya ba shi wa'adi. Da aka tashi daga tafsiri ya ja shi gefe a ƙofar ƙaramin masallacin da ke jikin gidansa a unguwar Maamobi, ya taƙaita maganar.

"Mashud, shekararka goma sha ɗaya a gidan nan, ban taɓa yi maka magana a kan karen nan ba. Amma yau sau biyu Malam yana tsayar da karatu saboda kukansa. Zuwa Juma'a, in bai daina ba, ka fitar da shi."

"Baba Alhaji, in kai shi ina? Wa zai karɓi kare mai ƙafa uku?"

"Ka mayar wa likitar da ta yanke ƙafar. An ce suna da allurar da ke hutar da dabba."

Mashud ya ce to. Bai roƙa ba, don ya san Alhaji ba ya janye maganar da ya yi a ƙofar masallaci sai ya ga dalili da idonsa.

Sunan karen Soja. Shekara bakwai yana gadin ragunan da Mashud ke kiwo a ɗan garken da ke bayan gidan, tsakanin katanga da babban kwata. A cikin shekarun nan an sace wa maƙwabta uku dabbobi, amma ko igiya ba a taɓa kwancewa a garken Mashud ba. Ana gobe azumi wata trotro, motar haya, ta take wa Soja ƙafar gaba ta hagu a bakin titi. Dakta Lamptey, wata likitar dabbobi da ke da ɗan asibiti ta wajen Kanda, ta duba ƙashin ta ce ba zai ɗoru ba. Ta cire ƙafar daga kafaɗa ranar Alhamis, ta sallame shi ranar Asabar da wata roba mai kama da mazurari a wuyansa don kada ya lashi ɗinkin, da ambulan na ƙwayoyin kashe zafi. A jikin ambulan ɗin ta rubuta cewa a ba shi ɗaya sau uku a rana, tare da abinci. Ta kuma ja wa Mashud kunne kada ya kuskura ya ba shi maganin mutane, don wasu na lalata wa kare hanta da ƙoda.

Mashud ba mutumin da ke tsallake ƙa'ida ba ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana akawun lokaci a tashar jiragen ruwa ta Tema, yana rubuta shigar ma'aikata da fitarsu, har yanzu kuma ba ya rabuwa da agogo. An ce uku, uku yake bayarwa: ɗaya da buɗa-baki, ɗaya bayan asham, ɗaya da sahur. Haka matarsa Sherifa take shan nata maganin hawan jini a watan, haka duk mai magani a gidan yake yi. A lokutan nan ne ma ake samun ragowar tuwon da za a cusa ƙwayar a ciki.

Duk da haka, kullum la'asar ta yi sai Soja ya fara wani kuka mai tsawo, wanda ke bi ta lungu ya shiga tagar masallaci. Mutanen gidan kowa da fassararsa. Wasu suka ce ƙanshin girkin buɗa-baki ne ke tayar masa da hankali. Wata tsohuwa ta ce ƙafarsa da aka jefar yake nema. Akwai wanda ya ce kare na ganin abin da mutum ba ya gani.

Mashud bai yi gardama da kowa ba. Ranar Laraba da safe ya cire jadawalin azumi daga bango, ya juya bayansa, ya ɗauki biro da kujera ya zauna a inuwar garken.

Ƙarfe bakwai Soja na barci a kan tsohuwar tabarma, numfashinsa daidai. Ƙarfe tara ya sha ruwa, ya kaɗa wutsiya da raguna suka yi motsi. Sha biyu saura ashirin ya fara haki alhali yana cikin inuwa. Ɗaya da minti goma ya kasa samun ɓangaren da zai kwanta a kai, sai ya miƙe ya koma, ya miƙe ya koma. Biyu da rabi fatar kafaɗarsa ta fara rawa, kunnuwansa suka kwanta baya. A lokacin babu wadda ta hura wuta a gidan tukuna, saboda haka Mashud ya ja layi a kan maganar ƙanshin girki. Huɗu saura goma kukan ya fara.

Yana cikin rubutawa Rauf ya leƙo ta kan katanga. Rauf maƙwabcinsa ne mai gyaran fanka, sun san juna tun suna samari, kuma bakinsa ba ya azumi ko da cikinsa na yi.

"Akawu! Yanzu kare ma sai ya sa hannu a rajista?"

"Wuce ka ba ni wuri."

"Ni taimako na kawo." Ya miƙo wani ƙullin takarda. "Ƙwayar da nake sha don ciwon baya ce. Ka ba shi biyu, wallahi sai ya yi barci har Sallah."

"Shi ne abin da nake gudu. Mayar da kayanka aljihu."

Rauf ya mayar, ya tsaya yana kallon karen. "Amma ka lura, cale abokina, lokacin da yake kukan nan ni ma lokacin nake jin kamar in yi nawa. Duk mai azumi ya san la'asar. Wannan karen naka ya fi rabin samarin unguwar Nima riƙe azumi."

Ya yi dariya ya sauka. Mashud bai yi dariya ba. Ya juya jadawalin ya dubi gabansa: sahur huɗu da rabi, buɗa-baki shida da kwata. Ya ƙirga da yatsu, ko da yake ba ya bukatar yatsun. Awa goma sha huɗu ba kwata. Sauran ƙwayoyi biyun kuwa tsakaninsu bai kai awa uku ba. Ya sake duban bayan takardar, inda hakin ya fara wajen awa bakwai bayan ƙwayar sahur.

Ya ciro waya ya kira Dakta Lamptey. Da Turanci suka yi maganar, tana cusa 'yar Hausar da ta tsinta a wurin masu kawo mata awaki. Ya karanta mata lokutan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba da rahoto. Da ya gama ta ce:

"Baba, sau uku na nufin duk bayan awa takwas. Ƙarfin ƙwayar ba ya wuce haka. Tun tsakar rana yake jin yankan nan ba komai a jikinsa."

"Kin rubuta sau uku, Dakta. Ba ki rubuta awa ba."

"Gaskiya ne, laifin namu ne mu biyu. Na manta wane wata kuke ciki. Da rana me yake ci?"

"Ruwa."

"Da dare fa?"

"Abin da muka rage. Tuwo, wani lokaci wake da shinkafa."

"Da barkono?"

"Dakta, a Maamobi muke."

Ta yi dariya, sannan ta tsara masa. Ya ba shi ɗaya yanzu da ɗan abinci, ya tsallake ta buɗa-baki. Daga gobe ƙarfe huɗu da rabi na asuba, sha biyu da rabi na rana, takwas da rabi na dare. Abincin ya zama farar shinkafa da kifi ko kaza, sabon dafawa, ba barkono ba mai, don cikinsa ba zai ɗauki yaji tare da magani ba. Kada ya ƙara yawan ƙwayar da kansa. In wurin ɗinkin ya kumbura ko ya fara wari, ko karen ya yi amai, ya kawo shi a ranar.

Mashud ya sayo burodi a kantin bakin lungu, ya cusa ƙwayar a ciki ya ba shi. Kukan bai tsaya nan take ba. Sai wajen biyar saura ya lafa, lokacin an kusa tashi daga tafsiri. Laraba ta tafi ke nan, saura Alhamis da Juma'a.

Matsalar da ta rage Sherifa ce ta fara hango ta. Gidan na haya ne, ɗaki goma sha huɗu a tsakar gida ɗaya, kuma ba su da firjin da zai riƙe dafaffen kifi daga asuba zuwa rana a zafin watan Maris.

"Maigida, kana nufin a ɗora tukunya da tsakar rana? A watan nan? Kafin azahar an kai labarin Nima cewa ba ma azumi."

"Za a kai."

"To bari in dafa a ɗaki, in rufe ƙofa."

"Hayaƙi daga ɗaki a rufe, shi ne zai sa a ce muna ci. Ba ke za ki dafa ba. Ni na sa shi a wannan halin."

Ranar Alhamis ƙarfe sha biyu saura kwata Mashud ya fito da kurfoti ya ajiye a tsakiyar gidan, kusa da famfo, inda kowace ƙofa ke kallo. Ya hura gawayi, ya ɗora ƙaramar tukunya, ya zuba shinkafa rabin kofi da kifi ɗaya. Ƙanshin ya zagaya gidan. Labule ya ɗaga a ɗaki na uku, sannan na bakwai. Hajiya Alima, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta fito da buta a hannu ta tsaya.

"Baban gida, lafiya? Ko an ga wata ne ba mu ji ba?"

"Lafiya lau, Hajiya. Na majinyaci ne."

"Sherifa ce ba lafiya?"

"Soja."

"Kare kake yi wa girki, mu muna shaƙa?"

"Ku yi haƙuri, na kwana goma ne. Azumi a kanmu aka wajabta shi, ba a kansa ba. Kwana huɗu na sa shi yana yi ba da saninsa ba."

Ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta ce Allah ya kyauta, ta wuce bayi. Rauf ya leƙo daga ƙofar gida ya ce in akwai ragowa a ajiye masa zuwa magariba, shi ba ya ƙyamar kwanon Soja.

Mashud ya cire ƙayar kifin tsaf, ya bar abincin ya huce, ya tura ƙwayar cikin tsoka. Sha biyu da rabi daidai Soja ya haɗiye, ya cinye sauran, ya lashe kwanon har yana ture shi da robar wuyansa. Mashud ya koma kan kujerarsa da biro. Ƙarfe biyu karen na barci a gefen da ba a yi aikin ba. Uku da rabi ya farka ya yi ɗan gurnani sau biyu, Mashud ya ajiye biron yana jira. Karen ya gyara kwanciya ya koma barci. Daga masallaci muryar Malam ta zo ta wuce ba tsayawa.

Juma'a ma haka. Tukunya ta hau sha biyu saura kwata, ƙwaya sha biyu da rabi, sannan Mashud ya yi wanka ya tafi masallacin Juma'a. An yi la'asar, an yi tafsiri, an shafa.

Bai je neman Alhaji Jibirilu ba. Alhajin ne ya biyo lungun da kansa, yana tattare bakin rigarsa saboda ruwan kwata. Ya tsaya nesa kaɗan da garken.

"Na ji shiru kwana biyu. Na zaci ka riga ka kai shi."

"Yana nan, Baba Alhaji."

Jin baƙuwar murya kusa da raguna, Soja ya ɗaga kai. Ya tattara ƙafafun baya, ya dogara da ta gaba guda ɗaya, ya yi tangaɗi, ya tsaya. Ya yi tsalle uku gajeru zuwa ƙofar garken, ya tsaya tsakanin Alhaji da ragunan. Bai yi haushi ba, kallo kawai yake yi.

Mashud ya miƙa wa Alhaji jadawalin. Alhaji ya sa tabarau ya bi lokutan Laraba, ya bi na Alhamis da na Juma'a, Mashud na yi masa bayani a taƙaice. Ya ninke takardar ya mayar masa.

"An kawo mini ƙararka a kan girkin rana. Mutum huɗu."

"Na sani."

"Saura kwana nawa?"

"Takwas, in ji likita. Daga nan a cire zare."

Alhaji ya sake duban karen, sannan ya nuna wani fili kusa da katangar kwata.

"Daga gobe ka riƙa hura wutar a can. Iska na kai ƙanshin kifin nan har sahun gaba, Malam ma ya yi magana."

Ya juya ya koma ta lungun. Mashud ya dubi agogo, ya rubuta: biyar da minti ashirin, Soja ya tsaya da kansa. Sannan ya shiga gida ɗauko kurfotin.